Faɗin Hanyar Intanet a Makaranta: Wa Zai Biya?

Duk ɗalibin ilmin halittu ya san cewa yawan jinin da ke isa ga gaɓa ya danganta da faɗin jijiyar da ke kai shi. Haka hanyar intanet take. Ana auna faɗinta da megabit a daƙiƙa guda, kuma masu amfani da ita a lokaci ɗaya rabawa suke yi. Idan makaranta tana da megabit 100, darasin bidiyo ɗaya kuma yana cin kimanin megabit 5, to ɗalibai 20 kaɗai za su kalla ba tare da tsaiko ba.

Faɗaɗa hanyar kuwa sai da kuɗi, kuma biyan ba ya ƙarewa. Amurka ta tunkari matsalar da dokar sadarwa ta 1996, wadda ta haifar da shirin E-rate. Kamfanonin sadarwa kan zuba wani kaso na kuɗin shigarsu a asusu, a yi wa makarantu rangwamen kashi 20 zuwa 90 cikin ɗari, gwargwadon talaucin iyayen yara. A 2014 aka ɗaga iyakar kuɗin shirin zuwa dala biliyan 3.9 a shekara.

A Nijeriya ma dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF, wanda ya samar wa makarantun sakandare da dama ɗakunan kwamfuta. Amma kwamfuta ba hanya, tamkar gaɓa ce ba jini. Saboda haka ya kamata shugaban makaranta ya tambaya tun farko: megabit nawa ne, kuma wa zai biya bana da baɗi?