Amsoshin Tambayoyinku: Labarin Basasar Kano

Basasar Kano, wadda wani mai sauraro daga Sangere ta Yola ya tambaya ko jaridu sun ba da labarinta, ta ɓarke a 1893, da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur sarautar Kano. A lokacin babu jarida a ƙasar Hausa. Wasiƙun Larabci, manzanni da fatake ne ke kai labari. Game da basasar kuwa, Yusufu, wanda bai yarda da naɗin Tukur ba, ya fice zuwa Takai da magoya bayansa. Da harinsu na farko kan birni ya ci tura, sai Yusufawa suka sake dabara, suka bi garuruwan karkara suna karɓar mubaya'a. Wannan ce ta fisshe su. Aliyu Babba, jagoran Yusufawa a lokacin, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895.