Darasin yau: kalmar "ci"

Ƴan uwa masu koyon karatu, ga wata ƴar kalma, baƙi ɗaya da wasali ɗaya: ci.

Kowa ya san cin tuwo. Amma kasuwar Dole ta fi ci ran Alhamis, alhali ba ta da baki. Tanimun ya ci sarautar Damagaram. A 1899 Faransawa suka ci garin da yaƙi.

To, a takardar kuɗi ne za ku lura. "Ka ci riba": kuɗi sun shigo. "Ka ci bashi": sun shigo, amma za su koma. "An ci ka tarar jika biyu": kai za ka biya. Kafin ka sa hannu, duba wa ya ci, wa aka ci.

Aiki: rubuta jimla da "ci amana", ka kai wa malami.