Kuɗin Dutse na Tsibirin Yap

Ɗalibi mai sha'awar tara tsofaffin kuɗaɗen duniya ba zai sha wahalar samun wuri ba, wanda jam'insa ne ya ba mu kalmar “kuɗi”. To, amma akwai kuɗin da ba ya shiga aljihu. A tsibirin Yap, cikin Tekun Fasifik, mutane sun daɗe suna hulɗa da “rai”, wato faifan dutse mai rami a tsakiya, wani faɗinsa ya haura mita 3. A da, daga Palau aka riƙa sassaƙo shi, tafiyar kimanin kilomita 400 a kwalekwale.

Abin lura shi ne, manyan ba a cika ɗaga su ba. In an yi aure ko an daidaita rikici, dutsen yana nan inda yake, jama'a ce kawai za ta shaida ya koma hannun wane. Har an ruwaito cewa wani ya nutse a teku, amma aka ci gaba da lissafa shi cikin dukiyar masu shi.

Girma kaɗai ba ya sa daraja. Ana duba wahalar ɗauko shi da rayukan da suka salwanta a hanya. Shi ya sa duwatsun da Bature David O'Keefe ya riƙa kawowa a jirgin ruwa bayan 1871, waɗanda aka sassaƙa da kayan ƙarfe, ba su kai tsofaffin tsada ba.