Darasin Wannan Wata: Idan Baƙuwar Lamba Ta Kira Ka A Kan Bashin Asibiti

Wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001. Yau da wuya ka sami ƙauyen da babu mai ita. Da ita muke jin farashin hatsi a kasuwa, da ita muke gaisawa da 'ya'yanmu da suka tafi ci-rani, da ita kuma ake turo mana kuɗi. To, amma ba mutanen kirki kaɗai ne suke riƙe da waya ba. 'Yan damfara ma suna da ita.

Darasinmu na wannan wata a kan kira iri ɗaya ne. Lambar da ba ka sani ba ta kira ka. Mai maganar ya ce daga asibiti yake, kuma ana bin ka kuɗin magani, ko na aiki, ko na gado. Ya ce ka turo yanzu. Me ya kamata ka yi?

Amsar a taƙaice ita ce: kada ka biya a waya, kada kuma ka yi musu a waya. Ka saurara, ka rubuta, ka kashe waya, sannan ka je ka bincika da kanka. Bari mu bi abin daki-daki.

Masu kiran iri uku ne

Na farko, mai gaskiya. Wataƙila an kwantar da matarka ko ɗanka, an sallame ku, akwai sauran kuɗin da ba ku cika ba. Ma'aikacin asibitin ya kira don ya tuna maka.

Na biyu, wanda ya yi kuskure. Sunaye suna kama da juna. Ko kuma layin da kake amfani da shi, a da na wani ne. Idan layi ya daɗe ba a aiki da shi, kamfanin waya yakan karɓe ya sayar wa wani. Sai masu neman tsohon mai layin su riƙa kiran ka.

Na uku, ɗan damfara. Shi ba ya aiki a kowane asibiti. Kuɗinka kawai yake so.

A waya, dukansu ukun muryarsu ɗaya ce. Kowa zai yi sallama, kowa zai ce "ranka ya daɗe". Kunne ba ya iya raba su. Takarda ce take raba su.

Yaya aka yi ya san sunana?

Mutane da yawa suna faɗawa tarko saboda mai kiran ya ambaci sunansu daidai. Sanin suna ba shaida ba ne. Akwai manhajar waya, irin su Truecaller, da ke nuna sunan mai lamba. Akwai saƙon neman taimako da 'yan'uwa suke yaɗawa a WhatsApp da Facebook, ɗauke da sunan majiyyaci da asibitin da yake da lambar wayar mai jinya. Akwai kuma tsohon katin asibiti da takardar magani da muke yarwa a bola, ko mu ba mai ƙosai ta naɗe ƙosai da su. Duk wanda ya tsinci waɗannan zai iya yin magana kamar ma'aikacin asibiti.

Alamomin ɗan damfara

1. Yana gaggawa. Zai ce sai yau, ko kafin la'asar.
2. Yana ba da tsoro. Zai ce 'yan sanda suna hanya, ko za a buga sunanka a rediyo.
3. Yana so ka tura kuɗin a asusun wani mutum, ba na asibiti ba. Wani ma katin waya zai ce ka saya ka karanto masa.
4. Yana hana ka shawara. Zai ce kada ka kashe waya, ko kada ka gaya wa kowa.
5. Yana tambayar lambobinka na sirri.
6. Idan ka ce za ka zo asibitin da ƙafarka, sai ya fara kame-kame, ko ya yi fushi.

Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushi idan ka ce za ka zo. Zuwanka ma shi yake so.

Abin da za ka yi lokacin kiran

Da farko ka natsu. Sauri ya haifi nawa. Ka ɗauko biro da takarda, ka yi masa waɗannan tambayoyi:

Yaya sunanka, kuma mene ne aikinka?
Wane asibiti ne, a wane gari?
Wane ne majiyyacin?
Wace rana aka kwantar da shi, wace rana aka sallame shi?
Mece ce lambar katinsa?
Nawa ne kuɗin, kuma na mene ne?

Kai ne mai tambaya, shi ne mai ba da amsa. Kada ka taya shi. Idan ya ce, "Ai ka san wanda nake nufi," kada ka ce, "Ko ɗana ne babba?" Da ka faɗi haka, ka ba shi abin da bai sani ba.

Ga misalin yadda maganar za ta kasance:

Mai kira: Salamu alaikum. Baba, daga asibiti nake kira. Akwai sauran Naira 35,000 na aikin da aka yi wa iyalinka. Idan ba a biya yau ba, maganar za ta je wurin hukuma.
Maigida: Wa alaikumus salam. To, ɗana, na ji. Wane asibiti ne? Kuma yaya sunan majiyyaciyar?
Mai kira: Baba, babu lokaci. Bari in karanto maka lambar asusu.
Maigida: A'a, ɗana, ba na biyan kuɗi a waya. Faɗa mini sunanka da ofishinka. Gobe in Allah ya kai mu zan zo da kati da rasit, mu duba littafi tare.

Ka lura, maigidan bai zagi kowa ba. Bai ce ana bin sa ba, bai kuma ce ba a bin sa ba. Ya dai mayar da maganar inda littafi yake.

Lambobin da ba a faɗa wa kowa

Akwai lambobi da suke kamar mabuɗin rumbunka. Duk wanda ya riƙe su zai iya kwashe abin da ke ciki.

Lambar BVN. Babban Bankin Nijeriya ne ya kawo ta a shekarar 2014. Tana da alƙaluma 11.
Lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Ita ma alƙaluma 11 ce.
Lambobin da ke jikin katin cirar kuɗi, na gaba da na baya.
Lambar sirri mai alƙaluma 4 da kake dannawa idan za ka ciri kuɗi.
Lambar da banki yake turowa ta saƙon tes lokacin da ake ƙoƙarin fitar da kuɗi daga asusunka.

Asibiti ba ya buƙatar waɗannan a waya don ya karɓi bashinsa. Ko bankinka ma ba ya tambayar lambar sirrinka. Wanda duk ya ce ka karanto masa ita, kashe wayar kawai.

Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Duk da haka ɓarayi suna kira da layin sata, ko layin da aka yi wa rajista da sunan wani. Saboda haka rajistar layi ba ta nuna cewa mai kiran mutumin kirki ne.

Bayan ka kashe waya

Ka ɗauko katin asibiti da duk rasit ɗin da kake da su. Ka yi shawara da wani na gida wanda ya san zancen jinyar. Sannan ka je asibitin, ofishin da ake biyan kuɗi. Gani ya kori ji. Idan asibitin yana da nisa, ka nemi lambarsu daga jikin kati ko rasit, ko ka aiki ɗan'uwa da ke garin. Kada ka sake kiran lambar da ta kira ka don neman tabbaci, domin shi ɗin dai zai ɗauka.

A asibitin ka nemi a rubuta maka lissafi dalla-dalla: kuɗin gado kwana nawa, kuɗin magani, kuɗin gwaji, kuɗin aiki, da abin da ka riga ka biya. Wannan haƙƙinka ne. A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyaci, kuma a cikinta akwai haƙƙin a bayyana wa mutum kuɗin da ake cajinsa a fili.

Idan bashin gaskiya ne

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Idan littafi ya nuna ana bin ka, to ka biya, domin da wannan kuɗin ake sayo maganin da za a ba wani gobe. Idan ba ka da hali yanzu, ka faɗi gaskiya. Ka roƙi a raba maka biyan kashi-kashi, misali zuwa bayan kaka, a kuma rubuta yarjejeniyar. Manyan asibitocin gwamnati da yawa suna da ofishin da ke duba matsalar marasa ƙarfi. Ka tambaya a nuna maka shi.

Ka biya a ofishin karɓar kuɗi, ka karɓi rasit mai sunan asibiti da kwanan wata da hatimi. Idan ta wurin mai POS za ka tura, ka ce ya nuna maka sunan da ya fito kafin a danna. Idan sunan wani mutum ne ya fito maimakon na asibiti, ka dakata har sai shugaban wurin ya tabbatar maka baki da baki.

Zancen 'yan sanda

Ɗan damfara yana son ambaton 'yan sanda domin ya san muna jin tsoro. To, ku sani, Dokar 'Yan Sanda ta shekarar 2020 ta hana a kama mutum saboda rikicin bashi kawai, wanda babu laifin zamba a cikinsa. Dokar ta kuma hana a kama wani a madadin wani, kamar a kama uba saboda ɗansa. Wanda yake bin ka bashi na gaskiya, hanyarsa ita ce sulhu ko kotu. Kotu kuwa takardar sammaci take aikowa, ba ta cewa a tura mata kuɗi a waya.

Kira biyu masu tayar da hankali

Na ɗaya shi ne a ce maka, "Ɗanka ya yi hatsari a hanya, likita ba zai taɓa shi ba sai an turo kuɗi." Wani lokaci har za ka ji kuka a bayan mai maganar. Kafin komai, ka kira ɗan naka a lambarsa. Idan ba ta shiga ba, ka kira abokinsa ko maigidansa ko maƙwabcinsa. Ka sa wani na kusa ya je asibitin ya gani da idonsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta ce kada asibiti ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa saboda kowane dalili, kuma ta sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun, ga wanda ya saɓa. Gaskiya ne wasu asibitocin har yanzu sukan nemi a ajiye wani abu. Shi ya sa ake so naka ya isa wurin, ya biya a hannun asibiti idan da buƙata. Lambar neman agajin gaggawa a Nijeriya ita ce 112, kuma kyauta ake kiran ta.

Na biyu shi ne kiran da ke zuwa bayan rasuwa. Wani zai ce marigayi ya bar bashin jinya. Iyali kuwa suna so su sauke wa mamacinsu nauyi, don haka sukan yi saurin biya. Bashin mamaci daga dukiyar da ya bari ake fitar da shi kafin a raba gado. Saboda haka mai bin sa ya zo gaban magada da shaidarsa, a rubuce ko da shaidu. Ba a kan matar mamaci ita kaɗai za a ɗora maganar a waya ba.

Idan an riga an cuce ka

Kada kunya ta sa ka yi shiru. Masu ilmi da manyan 'yan kasuwa ma ana damfarar su. Ka garzaya bankinka a ranar, ka ce a rufe katinka, a kuma bi sawun kuɗin. Jinkiri yana ba ɓarawo damar kwashe su. Kada ka goge lambar da ta kira ka, ko saƙonnin da aka turo, ko takardar POS. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko hukumar EFCC mai yaƙi da zamba. Ka kuma sanar da mai unguwa da limami, domin a faɗakar da jama'a kafin a kira na gaba.

Tun yau, ka sami leda ko ƙaramin akwati ka riƙa adana katin asibiti da rasit na kowa a gidan. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a waya don rufe asusu cikin gaggawa, ka rubuta ta a bangon littafinka.

Sababbin kalmomi

Damfara: karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara.
Rasit: takardar shaidar an biya kuɗi.
Asusu: ma'ajiyar kuɗin mutum a banki.
Sammaci: takardar da kotu take kiran mutum da ita.
Majiyyaci: marar lafiya da ake jinya.

Tambayoyi

1. Faɗi iri uku na masu kira a kan bashin asibiti.
2. Rubuta alamomi huɗu na ɗan damfara.
3. Waɗanne lambobi ne ba a faɗa wa kowa a waya?
4. Me ya sa ba a sake kiran lambar da ta kira ka don neman tabbaci?
5. Kuɗin jinya Naira 48,000 ne. Kana da rasit biyu, ɗaya na Naira 20,000, ɗaya na Naira 15,000. Nawa ya rage? Idan mai kira ya ce Naira 30,000 ake bin ka, me za ka yi?

Aikin gida

Ka kwafi tambayoyi shida da ake yi wa mai kira a kan takarda mai kauri, ka ajiye kusa da inda kake ajiye waya. Sannan ka karanta wannan darasi ga mutum biyu a gidanku, musamman tsofaffi da mata masu riƙe da waya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana guminmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.