Darasi Na 27: Masu Sufuri Zuwa Wata

Jama'a, kowa a cikinmu ya san wata. Da ganinsa mu ke ɗaukar azumi, da ganinsa mu ke ajiyewa. In ya yi fari yara su fita dandali, 'yammata su yi ta gaɗa. Amma ba kowa ya san cewa yanzu akwai 'yan kasuwa masu sana'ar kai kaya can ba. A kan ba su kaya, a yi jinga, a biya su, kamar yadda mu ke yi da mai mota ran kasuwa. A wannan darasi za mu ga yadda sana'ar ta faro, da hasarar da aka sha a cikinta, da abin da za mu koya.

1. Nisan wata

Tsakaninmu da wata kimanin kilomita 384,000 ne. Da a ce akwai hanya, mota mai gudun kilomita 60 a awa, ba tsayawa dare da rana, sai ta yi kusan wata tara kafin ta isa. Jirgin sama ba ya iya zuwa, gama fikafikansa da iska su ke aiki, can sama kuwa babu iska. Sai dai roka.

Duk wanda ya taɓa harba bindiga ya san yadda ta ke naushin kafaɗa. Wuta ta yi gaba, bindiga ta yi baya. To, haka roka ta ke. Wuta na fita ta gindinta da ƙarfin gaske, ita kuwa tana yin sama. Mun kuma san wuta ba ta ci sai da iska, shi ya sa maƙeri ya ke zuga. Saboda haka roka ta kan tafi da guzuri iri biyu, da mai, da iskar da aka sanyaya har ta zama ruwa. Kusan duk nauyinta na wannan guzuri ne. Kayan da za a kai su kan zauna a kan tsininta, cikin abin da mu ke kira kumbo.

2. Zamanin gwamnatoci

Da fari manyan gwamnatoci kaɗai ke wannan aiki. A 1957 Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko. A 1961 ta aika Yuri Gagarin ya kewaya duniya ya komo. Amurka ta ga an tsere mata, ta tashi haiƙan. Ta kafa tashoshi a ƙasashe da dama don sauraron kumbunanta in sun zo wucewa, ɗaya daga cikinsu a Kano ta ke a wancan lokaci. Ran 20 ga Yuli, 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka wata. Daga nan zuwa 1972 mutum 12 suka taka shi, dukansu Amurkawa.

A lokacin ma kamfanoni ne ke ƙira, amma gwamnati ke tsara kome, ita ke biya, kuma abin da aka ƙera nata ne. Kuɗin da a ke kashewa sun yi yawa ƙwarai, har aka daina zuwa.

Ga babban abin da ke cin kuɗin. Roka hawa-hawa ce. In man hawan ƙasa ya ƙare sai ya rabu da sauran, ya faɗa teku da injunansa masu tsada. Yawancin rokoki tafiya ɗaya su ke yi. Ku dubi falken da zai sayi sabuwar mota, ya kai kaya sau ɗaya, sa'an nan ya tura ta kogi. Nawa zai ce a biya shi a kan buhu?

3. Roka mai komowa

A 2002 wani attajiri a Amurka, Elon Musk, ya kafa kamfani mai suna SpaceX. Suka ƙera wata ƙaramar roka. Suka harba a 2006, ta faɗi. Suka sake a 2007, ba ta kai ba. A watan Agusta 2008 suka harba ta uku, ita ma ta lalace. Kuɗi suka kusa ƙarewa.

Ku lura da abin da suka yi. Tun daga tashinta har faɗuwarta, roka tana aiko da alƙaluma ta iska, ana rubutawa. Suka zauna suka karanta. Sai suka ga ashe bayan an kashe inji akwai ɗan sauran ƙarfi a cikinsa. Da hawan ƙasa ya rabu da na sama, sai wannan ɗan ƙarfi ya tura shi ya bangaji ɗan'uwansa. Gyaran bai wuce a ƙara ɗan jinkiri kafin rabuwar ba. Ran 28 ga Satumba, 2008, ta huɗu ta tashi lafiya, ta shiga kewaya duniya.

Daga nan suka ƙera babba, mai suna Falcon 9. Tsawonta mita 70, hawan ƙasa yana da inji 9, manta kuwa wani tataccen kananzir ne. Suka shiga koya wa hawan ƙasa komowa. An sha fashewa kafin a gane kan abin. A watan Disamba 2015 ya komo, ya juya gindi ƙasa, ya hura wuta don rage gudu, ya buɗe ƙafafu huɗu, ya tsaya cik a Filorida. A 2017 aka sake harba wanda ya taɓa tafiya. Zuwa 2024 an sami wanda ya yi sawu fiye da 20. Mota ta daina faɗawa kogi, kuɗin dako ya sauko.

4. Gwamnati ta koma mai ba da kaya

Hukumar da ke kula da al'amuran sama a Amurka sunanta NASA. Da ta ga haka sai ta sake dabara. A 2018 ta yi shela cewa tana da na'urorin bincike da ta ke so a kai wata. Kamfani ya ƙera kumbonsa, ya faɗi kuɗinsa, a yi jinga. In kuɗi sun yi saura ribarsa ce, in sun kasa shi ya sani. In da sauran wuri a kumbon, ya ɗauki kayan wasu. Hukumar ta san wasu za su faɗi. Ta yi lissafi ta ga ko da haka ya fi mata arha.

Me a ke nema can? Ɗaya daga cikin manyan abubuwan shi ne ruwa. A can kudancin wata akwai ramuka masu zurfi da rana ba ta taɓa leƙawa, masana sun ga alamun ƙanƙara a ciki. Ruwa kuwa a kan sha, a kan kuma fid da iskar numfashi da man roka daga cikinsa. Matafiyin da ya san akwai rijiya a gaba ba ya cika wa jakinsa salka.

5. Sauka ita ce wuya

Da ya ke babu iska a wata, laimar sauka ba ta da amfani. Dole kumbo ya hura wuta ƙasa, ya riƙa rage gudu har ya dire a hankali. In ya kashe wuta da wuri ya faɗo. In ya daɗe mai ya ƙare. Ƙasar kuma duk duwatsu ne da ramuka. Babu direba a ciki, kwamfuta ce ke tuƙi, ita kuwa da awo ta dogara. Akwai na'urar da ke gaya mata saura nawa a taɓa ƙasa. In awo ya ɓaci, kome ya ɓaci.

A watan Afrilu 2019 kumbon wata ƙungiya daga Isra'ila ya isa, amma ya tarwatse wajen sauka.

A watan Afrilu 2023 kamfanin ispace na Japan ya gwada. Kumbonsu ya bi ta kan bakin wani babban rami, awo ya sake farat ɗaya. Kwamfuta ta zaci na'urar awo ce ta lalace, ta daina jin maganarta, alhali kuwa gaskiya ta ke faɗa. Ta ɗauka an iso ƙasa, ashe da sauran kilomita 5. Kumbo ya yi ta shawagi har mai ya ƙare, ya rikito.

A watan Janairu 2024 kamfanin Astrobotic na Amurka ya aika nasa. Wani ɗan marfi da ke tare iska ya ƙi rufuwa, tanki ya fashe, guzuri ya tsiyaye. Bai ko kai ga sauka ba. Bayan kwana goma aka juyo da shi ya ƙone a saman duniya.

Ran 22 ga Fabrairu, 2024, kumbon kamfanin Intuitive Machines ya taɓa wata. Tun 1972 babu kumbon Amurka da ya sauka sai shi. Amma an yi mantuwa tun a gida. Akwai wani makunni da ke hana na'urar awo aiki yayin da ma'aikata ke kusa, don kada haskenta ya cuci idonsu. Ya kamata a murɗa shi kafin tashi, ba a murɗa ba. Kumbo ya sauka da gudu fiye da kima, ƙafa ta karye, ya karkace. Duk da haka ya yi kusan mako guda yana aiko da labari. Kun ji, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

6. Wanda ya tsaya da ƙafafunsa

Ran 15 ga Janairu, 2025, Falcon 9 ta ɗauki kumbon kamfanin Firefly na jihar Teksas. Sunan kumbon Blue Ghost. An yi shi gajere mai faɗi, tsayinsa kamar mita 2, faɗinsa mita 3 da rabi. Kun san akushi ya fi tulu wuyar kifewa. Ran 2 ga Maris ya sauka daidai, a wani fili mai laushin sauka. Shi ne kumbon 'yan kasuwa na farko da ya sauka a tsaye, ya yi aikinsa har ƙarshe.

Kayan NASA 10 ya kai. Wata na'ura ta huda ƙasa don auna zafinta, wata ta zuƙi ƙura. Ran 14 ga Maris, sa'ad da mutane a duniya ke kallon husufin wata, shi kuwa daga can ya ɗauki hoton duniya ta tare rana. Yini ɗaya na wata kamar kwana 14 ne namu, darensa ma haka. Kumbon da hasken rana ya ke aiki, saboda haka da rana ta faɗi ran 16 ga Maris, ba a jima ba ya yi shiru.

Kada mu zaci an gama gane kan abin. Kwana huɗu bayan saukar Blue Ghost, kumbo na biyu na Intuitive Machines ya faɗi a kan gefensa cikin wani rami a kudancin wata. A watan Yuni 2025 na biyun ispace ma ya tarwatse. Duka biyu akwai matsalar awo. Waɗannan kumbuna kaya kaɗai suka ɗauka, hasarar ta tsaya a dukiya. Amma a 2021 NASA ta ba SpaceX kwangilar kimanin dala biliyan 2.9 don ƙera kumbon saukar da mutane, a 2023 kuma ta ba kamfanin Blue Origin na Jeff Bezos irin wannan kwangila. In mutum na ciki, kuskuren awo rai zai ci.

7. Wata na wane ne?

A 1967 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya cewa ba ƙasar da za ta ce wata nata ne. Kowace ƙasa kuma ita ke da alhakin abin da kamfanoninta suka yi a sama. Amma a 2015 Amurka ta yi doka cewa abin da ɗan ƙasarta ya haƙo can nasa ne. Wasu na ganin daidai ne, kamar masunci da kifin da ya kama, ko da ya ke kogi ba nasa ba ne. Wasu kuwa na tsoron masu hali su riga kowa, su tare rijiyoyin. Wannan magana ta shafi dukan 'yan'adam, ya kamata mu riƙa bin labarinta.

8. Abin lura

Mun ga masu dukiya da masu ilmi, amma ɗan marfi da ɗan makunni sun ja musu hasarar miliyoyi. Mun kuma ga yadda suka san dalilin kowace faɗuwa, ko da ya ke ba wanda ya ke wurin. An auna, an rubuta, an karanta. Mu ma haka ne. Manomin da ya rubuta ranar da ya yi shuka, da takin da ya zuba, da damin da ya samu, baɗi zai san inda ya kuskure. Wanda ya dogara da ka kuwa sai ya ce tsautsayi ne, ya sake maimaitawa.

Sababbin kalmomi

roka, kumbo, jinga, kwangila, makunni, husufi, yarjejeniya

Tambayoyi

1. Don me jirgin sama ba ya iya zuwa wata?
2. Wane guzuri iri biyu roka ke ɗauka?
3. Me ya sa kuɗin dako ya sauko?
4. Me aka manta a kumbon da ya karkace a 2024?
5. Ku tattauna: wanda ya haƙo ruwa a wata, nasa ne ko na kowa?

Lissafi

Nauyin abu a wata kashi ɗaya ne cikin shida na nauyinsa a nan. Buhun gero mai kilo 60, kamar kilo nawa za a ji shi can? Daga 1972 zuwa 2024 shekara nawa ke nan?

Rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau uku a littafinsa: Zan auna, in rubuta, in karanta.