Tubalin Wasa da Tubalin Gaske

Idan kaka ta yi a ƙasar Gaya da Ajingi, aka girbe gero da dawa aka kai rumbu, sai gonaki su cika da kara. A lokacin nan ne yara su kan sami abin wasa wanda ba a saye da kuɗi. Su kan zauna a gindin itace su fere kara, su ware ɓawo dabam, totuwa dabam, su ƙera mota da jirgin sama da tabarau. Waɗansu kuwa su kan gangara bakin kududdufi su ɗebo laka, su gina doki da raƙumi da 'yan ɗakuna. Manya su kan wuce su ce wasan yara ne kawai. Amma a cikin wasan nan akwai ilmi mai yawa, idan an san yadda za a bi da shi.

Ba yaran ƙasar Hausa kaɗai ke son gini ba. Can a ƙasar Turai akwai wata ƙasa mai sanyi ana ce da ita Denmak. A wani ƙaramin gari nata mai suna Billund an yi wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, wanda ya fara sassaƙa wa yara kayan wasa na katako a shekarar 1932. Bayan shekara biyu ya sa wa sana'arsa suna Lego. Sunan nan daga kalmomi biyu na harshensu ya fito, ma'anarsu kuwa ita ce a yi wasa da kyau. A shekarar 1949 suka fara yin 'yan tubala na roba, sa'an nan a 1958 suka gyara su suka zama yadda aka san su yau.

Kowane tubalin Lego yana da 'yan ƙusoshi a bisansa, da ramuka a ƙarƙashinsa. Idan aka ɗora ɗaya bisa ɗaya aka danna, sai su kama juna kam, ba a bukatar laka ko danƙo. Idan an gaji da ginin sai a ɓamɓare shi a yi wani. An auna su daidai ƙwarai, har tubalin da aka yi a 1958 ya kan shiga cikin wanda aka yi bana.

Da tafiya ta yi tafiya sai masu Lego suka shiga yin siffofin manyan gine-ginen duniya. Su kan zuba tubalan gini guda a cikin kwali, tare da littafi mai nuna yadda za a harhaɗa su. A shekarar 2008 suka fitar da siffar Taj Mahal, watau farin ginin nan na birnin Agra a ƙasar Indiya, wanda Sarki Shah Jahan ya sa aka gina a kan kabarin matarsa. Tubalan da ke cikin kwalin sun kai 5,922. A shekarar 2022 kuma suka yi siffar Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris a Faransa, da tubali 10,001. Hasumiyar ta gaske, wadda aka gama a 1889, tsawonta mita 330 ne. Ta wasan kuwa wajen mita ɗaya da rabi ce, watau an rage tsawon fiye da sau 200, amma kowace gaɓa tana nan a wurinta.

Akwai mutane, yara da manya, waɗanda ke tara irin waɗannan siffofi. Mutum ya kan yi kwana da kwanaki yana haɗa gini guda, in ya gama ya ajiye shi a kan kanta, ya nemi wani. Da haka ɗakinsa ya kan cika da gine-ginen ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. In an tambaye shi, sai ya faɗi yawan hasumiyoyin Taj Mahal ba tare da ya yi tunani ba, gama da hannunsa ya kafa su guda huɗun nan.

To, amma kayan nan suna da tsada, ba kowane uba ke iya saya wa ɗansa ba. Har wa yau, a cikin kwalayen nan duka babu ganuwar Kano, babu hasumiyar Gobarau. Idan ana son siffar gine-ginen ƙasar Hausa, sai 'ya'yan ƙasar su yi da kansu. Yaron Gaya ko na Ajingi kuwa bai rasa abin yi ba, domin tubalin gaske a ƙofar gidansu ake yin sa.

Ga yadda magina ke yi tun zamanin kakanni. Da rani su kan haƙo jar ƙasa, su jiƙa ta da ruwa, su zuba mata ciyawa, su tattake da ƙafa, su bar ta ta kwana biyu ta tsima. Sa'an nan su cura ta da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, su shanya a rana. Shi ne tubali. Wajen gini a kan jera tubala tsininsu na duban sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango ya kan yi kauri a ƙasa, ya riƙa sirancewa yana hawa, don kada nauyinsa ya kayar da shi. Rufi kuwa da azara ake yi, watau tsagin itacen giginya, domin tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba. Azara guda ba ta isa ta ƙetare ɗaki mai faɗi. Saboda haka magina su kan ɗaure azara bisa azara daga bangon nan da bangon can, suna tanƙwaro su har su haɗu a tsakiya, su yaɓe su da ƙasa. Wannan shi ake kira bakan gizo. A kusurwoyin soro a kan ɗora zanko, a sa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da bango, kana a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa.

Da tubalin nan aka yi gine-ginen da ƙasar Hausa ke alfahari da su. Birnin Kano yana yamma da Gaya, ta hanyar Wudil. Mutanen Gaya suna da rabo cikin tarihinsa, gama masu ba da labarin dā sun ce maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka tafi neman tama suka zauna a gindin dutsen Dala. Sarkin Kano Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara mata faɗi, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suka yi ta zama bayansa. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, mai tsawon wajen mita 15, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. A Zariya kuma akwai Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Bakan gizon da ya ɗaure a cikinsa ya ba masana gini na ƙasashe da yawa mamaki.

Sai dai ginin ƙasa yana da abokin gaba, shi ne ruwan sama. Kowace damina ta kan zaftare kaɗan. Idan ba a yi yaɓe da rani ba, sai bango ya tsage, daga nan ya zube. A wurare da yawa ganuwar Kano ta zama tudu kawai, a waɗansu wuraren ma an yi gidaje a inda take. An rushe waɗansu ƙofofinta don a faɗaɗa hanyar mota, aka sāke gina su da siminti. A shekarar 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana cikin salla, har aka yi hasarar rayuka. A ƙauyuka ma haka abin yake. Idan tsohon zaure ya faɗi, da bulo da kwano ake mayar da shi. Tsofaffin magina suna ƙarewa, masu koyo a wurinsu kuwa ba su da yawa.

Wani Bature mutumin ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya hangi wannan hasara tun da wuri. Ya yi shekaru yana yawo cikin Nijeriya tare da mataimakansa, suna auna tsofaffin gine-gine suna zana su a takarda. Daga baya, a Jos, kusa da gidan kayan tarihi wanda aka buɗe a 1952, aka keɓe fili aka gina kwatankwacin waɗansu daga cikinsu da girmansu na sosai. A ciki har da wani yanki na ganuwar Kano da masallacin Zariya. Wannan ma tara siffofin gine-gine ne, sai dai na manya ne. Abin da suka yi da babban awo, 'yan makaranta suna iya yin irinsa da ƙarami.

Yaron da ke son farawa, kada ya fara da Gidan Rumfa. Ya nemi wani tsohon gini na garinsu, ko zauren mai unguwa, ko masallacin ƙasa, ko rumbun kakansa. Da fari ya nemi izinin mai wurin cikin ladabi. Sa'an nan ya kewaya ginin yana ƙidaya takinsa, ya rubuta tsawo da faɗi. A ce ya sami tsawo taki 12, faɗi taki 8. Sai ya mai da kowane taki ya zama faɗin yatsa biyu. Ƙaramin gininsa zai zama yatsa 24 a tsawo, yatsa 16 a faɗi. Ƙofa da taga da zanko duka da awon nan za a rage su. Idan ya rage bango ya manta da ƙofa, sai ginin ya fito kamar akurkin kaji.

Bayan awo sai ya sami allon katako ko kwali mai ƙarfi ya zana tushen ginin a kai. Ya kwaɓa laka da 'yar ƙaiƙayi, ya cura tubala ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ya shanya su. Ya jera su yadda magina ke yi, layi bisa layi, yana barin na ƙasa ya sha iska kafin ya ɗora na sama. Ɓawon kara shi ne azararsa, sillen kara da aka tsaga biyu shi ne indararonsa. In ya gama, ya ajiye aikin a inuwa ya bushe a hankali, gama zafin rana ya kan sa laka ta tsattsage. Wanda ya yi gaggawa sau biyu zai yi aikin. Sannu ba ta hana zuwa.

Sau da yawa rufin farko ya kan rufta. Wannan ba abin kunya ba ne. A ranar nan ce yaro zai tafi wurin tsohon magini ya gaishe shi, ya ce, “Baba, me ya sa rufina ya faɗi?” Tsohon zai duba ya nuna masa inda bango ya yi siriri, ko inda azara ta yi nisa da 'yar'uwarta. Abin da ya ji a ranar ba zai manta da shi ba, ilmin da ke kan tsohon kuwa ya sami wurin zama.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. A jikin allon kowane gini a manna 'yar takarda mai ɗauke da sunan ginin, da garin da yake, da wanda ya gina shi in an sani, da shekarar da aka auna shi. Siffa marar takarda abin wasa ce kawai. Mai takarda kuwa shaida ce. Idan kowane aji ya yi gini ɗaya a shekara, kafin 'yan aji ɗaya su fita makarantarsu ta tara guda 36. Da yayyafi kogi kan cika. Wata rana tsohon zauren nan zai faɗi, a share wurin a yi wani abu. Sa'ad da yaran gobe suka tambaya yaya kamanninsa yake, sai a buɗe kabad a nuna musu, gama gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Wane ne ya fara sana'ar Lego, a wace ƙasa kuma?
2. Me ke sa tubalan Lego su kama juna ba tare da laka ba?
3. Don me magina ke sa bango ya fi kauri a ƙasa?
4. Mene ne bakan gizo a wajen gini, don me kuma ake yin sa?
5. Wane sarki ya fara ginin ganuwar Kano, wa ya ƙara mata faɗi?
6. Zaure yana da tsawon taki 15 da faɗin taki 10. Idan kowane taki ya zama yatsa biyu, nawa ne tsawo da faɗin ƙaramin ginin?

Aiki

A tambayi wani dattijo wane gini ne ya fi tsufa a unguwa. A auna shi da taki, a zana shi a littafi, a kawo wa malam ranar Litinin.