Darasi na Tara: Yola, Birnin da Aka Raba da Ƙasarsa

Ku karanta wannan bayani a tsanake, sannan ku amsa tambayoyin da ke biye.

Yola ita ce babban birnin Jihar Adamawa. Tana kudu da Kogin Binuwai, ba nisa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Birnin ya kasu kashi biyu. Akwai tsohon garin Yola, inda fadar Lamiɗo take. Akwai kuma Jimeta a bakin kogi, inda gidan gwamnati da manyan kasuwanni suke.

Modibbo Adama ne ya kafa Yola a shekarar 1841. Malami ne Bafulatani, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya zauna a Gurin da Ribaɗu kafin ya zaɓi wannan wuri. Sunan garin ya samo asali daga kalmar Fulatanci "yolde", wato tudu. Ƙasar da ya mallaka ana kiranta Fombina, ma'ana kudu. Garwa, Marwa, Tibati da Ngaundere duk suna ƙarƙashin Yola a wancan zamani.

A ƙarshen ƙarni na 19, Ingila da Jamus da Faransa suka yi ta jayayya a kan Yola, domin jiragen ruwa suna iya isowa nan da damina. A shekarar 1893 Ingila da Jamus suka ƙulla yarjejeniya, ba tare da sun shawarci Lamiɗo Zubairu ba. Ingila ta ɗauki birnin, Jamus kuwa ta ɗauki mafi yawan ƙasar. Zubairu bai amince ba. Sojojin Ingila suka ci Yola da yaƙi a watan Satumba na 1901. Ya fita daga garin yana ci gaba da gwagwarmaya, har aka kashe shi a 1903. Ta haka aka bar kai a Nijeriya, gangar jiki a Kamaru.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, Ingila da Faransa suka raba Kamaru a tsakaninsu. A shekarar 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, mutanen arewacin yankin da Ingila ke riƙe da shi suka zaɓi Nijeriya. Shi ya sa Mubi da Ganye suke Nijeriya a yau. Garwa da Ngaundere kuwa suna Kamaru, inda har yanzu akwai yanki mai suna Adamawa.

Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976, sannan na Jihar Adamawa a 1991. Iyaka ta raba ƙasa, amma ba ta yanke zumunci da ciniki tsakanin ɓangarorin biyu ba.

Sababbin Kalmomi

jayayya: gardama a kan mallakar wani abu
yarjejeniya: alkawarin da ɓangarori biyu suka amince da shi
gwagwarmaya: fafutuka mai tsanani
zumunci: kyakkyawar hulɗa tsakanin dangi

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin Yola da Jimeta?
2. Me ya sa Turawa suka yi jayayya a kan Yola?
3. Mece ce ma'anar "aka bar kai a Nijeriya, gangar jiki a Kamaru"?
4. Ku rubuta jimloli biyar a kan tarihin garinku.